Yadda Na Rufe wa Baturiya Baki Saboda Baffa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanwar matata ba. Ko da ma na so in manta ba za a bar ni ba, domin akwai magidanta uku a garin nan na Landan da suka mayar da tuna min abin tamkar aikin da ake biyan su. In muka haɗu a wajen suna ko biki ba sa ma wahalar buɗe baki. Hannu kawai ɗayansu zai ɗaga ya yi alamar fizge waya daga soket, sai wuri ya kaure da dariya, ni kuma in shiga neman takalmana.

Bari in fara da faɗin halina, don kada ku ce na ɓoye wani abu. Ni mutum ne mai gaggawa. Ba na iya zama wuri ɗaya. In na ɗora ruwan shayi tsayawa nake a kansa ina harararsa, in na shiga lif sai na danna maɓallin sau huɗu, ko da kuwa na ga ya riga ya kama wuta. Mahaifiyata takan ce tun ina goye ƙafafuna ba sa daina motsi. Ga shi a hanyar Kaduna zuwa Zariya na koyi tuƙi, inda in aka ga kana tafiya a hankali sai a ɗauka mai ne ya ƙare maka. To irin wannan mutumin ne Allah Ya jefo garin da tituna da yawa ba a yarda ka wuce mil ashirin a awa ba. Mil ashirin fa. Akwai ranar da wata tsohuwa a kan keke ta wuce ni, har ta waiwayo ta yi min murmushi.

Ga wanda bai san tsarin nan ba: in kyamarar titi ta kama ka kana gudu, babu ɗan sandan da zai tsayar da kai, balle ka fito ka ce yallaɓai a yi haƙuri. Wasiƙa ce za ta same ka har gida. Karon farko sukan tura ka aji a koya maka tuƙin hankali (na je, na zauna a layin gaba, har tambaya na amsa). Bayan nan kuma sai maki, uku-uku, a kan lasisinka. Maki ne irin wanda ba a yi wa mutum barka da shi. In ya kai sha biyu sai kotu, a raba ka da tuƙi wata shida. Ni a lokacin ina da tara. Aikina kuwa gyaran boila ne, tukunyar da ke ɗumama gidaje, kullum ina kan titi daga wannan gida zuwa wancan da akwatunan kaya. Kyamara ɗaya ce ta rage tsakanina da zama ɗan kallo a kan aikina.

Matata Hajara, wadda nake kira Maman Amira, ta ba ni shawara a taƙaice. Ta ce in riƙa fita da wuri, in riƙa kallon allon titi. Na dube ta irin duban da ake yi wa wanda zamani ya bari a baya. Ita a nan ta koyi mota, shekara shida ko maki ɗaya ba ta da shi, hannu biyu take riƙe sitiyari kamar har yanzu mai jarrabawa na zaune kusa da ita. Na ce mata matsalar fasaha da fasaha ake maganinta. Na'ura zan saya, irin wadda ke sanar da direba cewa akwai kyamara a gaba.

Mako uku na yi ina zaɓe. Ko lokacin da zan yi aure ban yi bincike irin wannan ba. A kan abinci ina karantawa, a layin kanti ina karantawa, har a bayi. Akwai wadda ake saukewa a waya, amma wayata ba ta hutawa da kiran 'yan uwa daga gida, na san ranar da zan fi bukatarta ranar wani zai kira ya tambaye ni yaya sanyi. Akwai wadda aka ce tana rikita kyamarar gaba ɗaya, ita kuma doka ta hana (sai da na karanta hanin sau biyu kafin na haƙura). Sai ya rage saura iri biyu, duka kuma akwai su a shagon Malam Issaka da ke Rye Lane, tsakanin mai kifi da masu kitso.

Malam Issaka mutumin Kumasi ne, ɗan zango, dattijo mai sanyin magana. Ya ɗora min su a kan kanta. Ɗaya ƙarama ce kamar murfin kwalba, ba ta cewa komai, jar wuta kawai take ƙyaftawa in an doshi kyamara. Ɗayar kuwa faffaɗa ce mai allo mai launi, tana nuna gudunka, kuma tana magana.

"Ni ƙarami na ke ba mutanenmu," in ji shi da Hausarsu ta zango. "Wannan babba, mace ne a ciki, kuma ya na da surutu. In ka na so ka rage murya sai ka shiga menu, ka shiga wani menu. Mu kuwa motanmu ba ya rasa manya."

Na ji shi sarai. Amma na kalli ƙaramar na ga ko shekara za ta yi a manne a motata babu wanda zai tambaye ni mene ne wannan. Babbar kuwa duk wanda ya shigo sai ya tanka. Na ce masa ni mai maganar nake so, saboda tsaro. Ya ɗaga kafaɗa ya sa min ita a leda.

Gaskiya makonni biyun farko na ji daɗinta. Muryar wata Baturiya ce, a tsanake, ba ta fushi kuma ba ta gajiya. In mun doshi kyamara sai ta ce, "Speed camera ahead. Limit twenty." In ƙafata ta yi nauyi sai ta shiga "Slow down, slow down," ba za ta yi shiru ba sai na bi umarni. Na sa mata suna Baturiya. Maman Amira ta saurare ta rana ɗaya ta ce abin da ta shekara shida tana faɗa min ke nan ban ji ba, sai da aka zuba shi a roba. Ban kula ta ba. Na ɗauki hoton na'urar na tura guruf ɗinmu na 'yan Arewa, na rubuta dogon bayani da babu wanda ya nema, na ƙare da cewa ni da wasiƙar kyamara har abada.

Ana cikin haka bikin Rukayya ya taso, ƙanwar Maman Amira da ta gama karatu a nan ta samu miji a nan. Aka tsayar da ɗaurin aure ranar Asabar bayan Azahar a babban masallacin Whitechapel. Mahaifinsu ya rasu, don haka ƙaninsa, Baffa Ado, shi ya taso daga Zariya a matsayin waliyyi, ya sauka a gidanmu a Peckham.

Sai na ɗan tsaya a kan Baffa, domin in ba ku san shi ba ba za ku gane wautata ba. Tsohon hedimasta ne, farin gemu, carbi ba ya barin hannunsa, maganarsa ba ta da yawa. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In zan gaishe shi har ƙasa nake durƙusawa, ko da a tashar jirgin sama ne Turawa na kewaye mu da akwatuna. Shi ma haka yake jin nauyina. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Baban Amira, kuma in yana min magana bango yake kallo. Tun da ya iso na rasa inda zan sa kaina a gidana, na koma cin abinci a tsaye a kicin.

Ana gobe ɗaurin aure muka yi shawarar tafiya. Motoci huɗu ne: tawa, ta Dakta Bashir, ta maƙwabcina Bitrus mutumin Jos wanda ya ba da babbar motarsa don kwasar mutane, sai ta Kabiru abokin ango. Dakta Bashir, mai hankalinmu, ya ce kowa ya kunna taswirar wayarsa mu haɗu a can. Ni na hana. Na ce haba Dakta, ɗaurin aure guda babu jerin gwano, sai ka ce ba daga Arewa muka fito ba? Baffa zai koma gida ya ce ya ga mun watse. Na ce ni zan ja gaba, tunda ni ke da Baturiya. In ta ce akwai kyamara zan kunna dabul sigina kowa ya rage. In ba su ga sigina ba, hanya fes ce, su biyo ni kawai. Bitrus ya tambaya ko na tabbata. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na'urar ba ta barci.

Liman ya riga ya gargaɗe mu cewa da an sallame Azahar za a ɗaura, domin akwai jana'iza da wani auren a bayanmu, in mun makara sai dai wani makon. Baffa tun hantsi ya shirya, ya zauna a falo da babbar rigarsa yana jan carbi. Ni ne na tsaya gwada huluna. Da na gama kuma, mun fito har mun shiga mota, na tuna goro yana shagon da na yi oda ban karɓo ba. Na ruga Rye Lane da babbar riga ina ratsa masu sayen doya. Kafin mu tashi, lokacin da na ware don cunkoso ya riga ya tafi.

Mata suna gida suna aikin walima. Kujerun bayan motata cike suke da katan-katan na dabino da alewa da ruwa, saboda haka daga ni sai Baffa. Ya zauna a gaba ta hagu, wato inda direba ke zama a gida Najeriya, sai dai babu sitiyari a gabansa. Ina tayar da mota Baturiya ta yi mana maraba. Baffa ya dubi allon ya tambaya wace ce. Na ce na'ura ce Baffa, tana taimaka wa direba. Ya gyaɗa kai ya ce madalla. Ya karanta addu'ar tafiya, gajera, muka shafa.

Kyamarar farko komai ya tafi yadda na tsara. Baturiya ta yi magana, na kunna dabul sigina, na leƙa madubi na ga motoci uku sun rage a tare. Wallahi sai da na ji kaina ya ƙara girma. Ta biyu ma haka. Amma agogo ba ya jira, kuma kowace danja sai ta yi ja daidai lokacin da na iso, kamar da gayya. Na fara abin da na saba. In na hango koriya sai in taka don mu tsallake mu huɗu kafin ta canza. In na ga rata sai in shige. A Old Kent Road na ratsa tsakanin wata jar bas mai bene da wani mai keke, ratar da ni kaina sai da na ɗan runtse ido ɗaya.

A nan ne Baffa ya ɗaga hannuwansa biyu ya fara addu'a da Larabci.

Na ce a raina, Allahu Akbar, ka ji manya. Tun kafin a isa masallaci waliyyi ya fara nema wa yara albarka. Larabcina bai wuce na sallah ba, hankalina kuma rabi na kan agogo rabi na kan madubi, don haka ban tsaya sauraron abin da yake roƙo ba. Duk inda ya ja numfashi sai in ce amin. Na lura ƙafarsa ta dama tana ta danna ƙasan mota, na ɗauka sanyin garin ne ya taɓa masa gwiwa, har na ƙara masa hita.

Sai Baturiya ta shigo. "Slow down. Slow down."

Baffa ya ɗan dakata, ya ci gaba. Ta sake. Ya sake dakatawa. Kunnuwana suka ɗau zafi. Ku duba min lamarin yadda na gan shi a lokacin: surukina, dattijo, baƙona, yana ganawa da Ubangijinsa a cikin motata, ga wata Baturiya tana katse shi da Turanci, ba sallama ba gafara. A gidanmu ko yaro ya gifta gaban babba yana addu'a sai ya sha rankwashi. Na ji kamar ni ne nake katse shi da bakina. Abin da hankali zai ba mutum shi ne ya ɗaga ƙafa daga totur, ita kuma ta yi shiru da kanta. Wannan tunanin ko kusa da kaina bai zo ba. Na miƙa hannu ina laluben menu, na shiga wani menu kamar yadda Malam Issaka ya faɗa, na danna abin da na ɗauka ragewa ne. Ashe ƙarawa ne. Muryarta ta cika motar har katan ɗin dabino na amsawa.

Na kama wayarta na fizge daga soket. Allon ya mutu.

Baffa ya sauke hannuwansa. Ya dubi wayar tana lilo, ya juyo ya dube ni (karo na farko ke nan a shekara goma sha ɗaya da muka haɗa ido), ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe. Daga nan ya mayar da kansa gaba, ya ƙara ɗaga hannuwa, ya ci gaba da addu'a da murya mai ƙarfi fiye da da. Na ji sanyi a raina. Na ce dattijo ya ji daɗi, ya samu sarari. Na ƙara ƙarfin amin, na ƙara ƙarfin totur.

Abin da na manta shi ne akwai motoci uku a bayana da na gaya wa cewa rashin sigina na nufin hanya fes.

Mun haye gada mun shiga wani miƙaƙƙen titi da Allah Ya sa babu cunkoso, sai na ga walƙiya a madubi, sau biyu. Bayanta wata, da wata, da wata. Gabana ya faɗi. Amma na gaya wa kaina rana ce ta haska gilashin wani bene. (Ranar tun safe hadari ne, ko ƙyallin rana ba a gani ba.) Muka isa ana tayar da sallah. Baffa ya fito ya dafa ƙofar mota ya daɗe a tsaye, ya ce alhamdulillah sau uku. Aka ɗaura aure lafiya, aka raba goro da dabino, mutane suna ta yaba min cewa ba don ni ba da an makara. Na karɓi yabon hannu biyu.

Kwana tara bayan nan na dawo daga aiki na tarar da ambulan a jingine da kofin shayina. Maman Amira ce ta ajiye min ita a nan, wasiƙar kyamara ce. Kafin in gama karantawa waya ta fara ƙara. Dakta Bashir ya turo hoton tasa wasiƙar a guruf, babu ko kalma. Kabiru ya turo tasa. Bitrus ya turo tasa ya rubuta a ƙasa, "Injiniya, Baturiyarka ta tafi annual leave ne?" Su ukun karonsu na farko ke nan, aji kawai za a tura su. Ni kuwa tara da uku, ko ɗan firamare ya san amsar.

A nan ne na yi abin da ya fi gudun muni. Na rubuta cewa na'urar ce ta yi freezing a hanya, allon ya daskare, ban ankara ba. Na ƙara da cewa kayan Rye Lane ke nan, ba a yarda da su. Na san daga ni sai Baffa a motar, Baffa kuwa ba ya guruf, ba ya doguwar magana, kuma saura kwanaki ya koma Zariya. Mutane suka shiga tausaya min suna tsine wa kayan jabu. Daga ranar in zan bi ta gaban shagon Malam Issaka sai in tsallaka ɗaya gefen titin, in yi kamar ina duba farashin kifi.

Ranar Lahadin da Baffa zai yi kwanan ƙarshe muka haɗa masa 'yar walimar bankwana da rana. Maman Amira ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ga masa. Maza muna falo, Baffa a kan kujera, mu a ƙasa kan kafet, ni ina can gefe kusa da ƙofa ina zuba wa mutane ruwa don kada a ce in ci abinci. Ina ta addu'ar kada a tayar da zancen. Bitrus ne ya tayar. Ya ce shi har ya yi booking ɗin ajinsa, yana so ya san ko na mayar wa mai shagon kayansa. Na saci kallon Baffa na ga idonsa a lumshe, carbi na tafiya a hankali. Na rage murya na sake zuba ƙaryar, har da ƙari. Na ce allon sai da ya yi fari fat, na bubbuga shi ya ƙi tashi.

Baffa ya buɗe ido ya tambaya wane aji ne ake magana a kai. Dakta Bashir ya yi masa bayani dalla-dalla cikin ladabi, kyamara da maki da kotu, da cewa na'urar Baban Amira ce ta lalace ranar ɗaurin aure.

"Ayya," in ji Baffa, yana kallon bango. "Amma baiwar Allah nan ba ta yi laifi ba. Lafiyarta ƙalau. Tana ta faɗa masa ya rage, shi ya zare mata waya."

Cokalin Kabiru ya tsaya a hanya. Ga jug ɗin ruwa a hannuna na rasa inda zan ajiye shi. Na sunkuyar da kai na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, "Baffa, ai gani na yi tana katse ka, kana yi wa ango da amarya addu'a."

"Ango da amarya?" Ya girgiza kai a hankali. "Su ai tun asuba na yi musu tasu. Wannan ta kaina ce. Tun da ka ratsa tsakanin jar motar nan mai bene da mai keke na fara neman tsari. Na so in ce ka rage, sai na ji nauyi, ina baƙonka, ga surukuta. Da na ji matar nan tana faɗa sai na ce alhamdulillah, Allah Ya kawo wadda ba ta jin kunyarka. Sai ka kashe ta. Daga nan kuma na fara shirya kalmar shahada."

Bitrus ne ya fara. Ya yi ƙoƙari, na ba shi wannan, ya toshe baki da hannu, amma dariyar ta fito ta hanci. Dakta Bashir, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya kifa kai a kan gwiwa kafaɗunsa na rawa. Kabiru ya tashi ya fita baranda. Na ɗaga ido na ga Maman Amira tsaye a ƙofar kicin da ludayi, ba ta dariya, kallona kawai take. Sai a lokacin na gane ƙafar nan ta Baffa da ke danna ƙasan mota birki take nema.

Da a nan abin ya tsaya da na jure. Amma Baffa ya jira dariyar ta lafa, sannan ya juyo sosai ya fuskance ni.

"Da na san lasisinka da abincin iyalinka ne a kai, da na cire kunya na yi magana," ya ce. "Laifina ne. Ka yafe ni, Baban Amira."

Wannan ita ta gama da ni. Ni na yi gudu, ni na jefa mutum uku a wahala, ni na yi ƙarya na ɗora wa bawan Allah mai shago, sannan dattijo mai furfura ne yake neman gafarata a gaban jama'a. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba irin kunyar surukuta da nake taƙama da ita ba ce, kunyar mara gaskiya ce. Na ajiye jug ɗin na durƙusa na ce ni ne mai neman gafara, wurinsa da wurin kowa. Bitrus ya ce ya yafe, amma mantawa kam kada in sa rai.

Washegari na ɗauko makulli zan kai Baffa filin jirgi. Ya ce, yana kallon bango, kada in wahalar da kaina, Hajara ma ta isa. Ta dawo ta ba ni labari cewa tun kafin su fita Peckham ya fara gyangyaɗi.

Na je shagon Malam Issaka na faɗa masa abin da na ce a kan kayansa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ai ya gaya min motarmu ba ta rasa manya, ya miƙo min ƙaramar ya ce ko yanzu zan gwada. Na ce sai bayan wata shida. A kotu kuwa an tambaye ni ko ina da abin cewa. Na yi tunanin yadda zan bayyana wa alƙalai ukun da ke gabana mene ne suruki, da dalilin da zai sa mutum ya gwammace ya rasa lasisi da a katse shi, na ga ranar ba za ta ishe mu ba. Na ce babu. A wurin aiki Allah Ya rufa asiri ba su sallame ni ba, sun haɗa ni da wani abokin aiki. Shi ke tuƙi, ni ke riƙe akwatin kaya da buɗe masa get.

Yanzu duk inda za mu je da iyali Maman Amira ce a sitiyari, ni ina kujerar Baffa. Baturiya na nan a manne, sai dai aiki ya yi mata sauƙi, ban ƙara jin ta ce wa kowa ya rage ba. Mil ashirin cif, ko titi babu kowa. Ni kuma ƙafata ta dama ta koyi danna ƙasan mota, amma ba birki take nema ba. Makon jiya muna hanyar suna a Whitechapel, mai keke na uku ya wuce mu, ban san lokacin da na ɗaga hannuwa na fara roƙon Allah Ya ba ni haƙuri ba. Maman Amira ta ce amin, ba ta ƙara ko mil ɗaya ba.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka sayi na'ura, ka fara tunanin wanda zai zauna kusa da kai. In kuma babba ya ɗaga hannu ya fara doguwar addu'a a motarka, kafin ka ce amin, leƙa allon gudu tukuna.